Amsa ga mai son haɗa ƙunshin Thunderbird da hannunsa don kwamfutocin ofis

Wani ƙanena da ke kula da kwamfutoci a wata makarantar kuɗi a Unguwar Rimi, nan Kaduna, ya turo mini tambaya. Kwamfutoci 14 ne a hannunsa: 12 suna kan Debian 12, biyu kuma laftof ne masu Ubuntu 24.04, dukkansu nau'o'in tsarin Linux ne. Manhajar imel ta Thunderbird da ke kan na Debian har yanzu siga ta 102 ce, wadda ta zo tun ranar da aka girka su. Ya sauko da sabuwa daga shafin masu manhajar, ya kwance ta a kwamfutar Hajiya mai kula da kuɗi, da ya buɗe sai ya tarar da wayam, ba wasiƙa ko ɗaya, ba adireshin kowa. Yana so ya san inda wasiƙun Hajiya suka shiga, sannan yana so in nuna masa yadda zai haɗa sabuwar sigar ta zama ƙunshin deb nasa na kansa, wato irin fayil ɗin da Debian ke girka manhaja da shi, ya raba wa sauran da filashi don kada data ta cinye kuɗin makaranta.

Ƙanena, bari in fara da abin da ya hana ka barci. Wasiƙun Hajiya suna nan, babu abin da ya taɓa su. Thunderbird ba ta ajiye wasiƙa a inda ita manhajar take zaune. Komai yana cikin wata ɓoyayyiyar folda a gidan mai amfani, ~/.thunderbird, kuma a cikinta za ka ga wata folda mai suna kamar an watsa haruffa, ƙarshensa .default ko makamancin haka. Wannan shi ne furofayil. Tun daga siga ta 68 da ta fito a 2019, duk Thunderbird ɗin da aka girka a wani sabon wuri kan yanka wa kanta sabon furofayil, ta rubuta a fayil ɗin installs.ini cewa wannan nata ne. Ta Debian tana zaune a /usr/lib/thunderbird, taka kuwa ka kwance ta a wani wuri daban, don haka ta ɗauki kanta baƙuwa ta share sabon ɗaki. Tsohon ɗakin na nan kusa da shi a kulle, da kayansa cif.

To amma kada ka yi gaggawar buɗe shi da sabuwar. Ka rufe Thunderbird gaba ɗaya tukuna, ka kwafe ~/.thunderbird ɗungurungum zuwa had dis na waje, ka buɗe kwafin ka tabbata girmansa ya yi daidai da na asali. Dalili shi ne ƙofar nan shiga kawai ake yi, ba a fita. Da zarar sabuwar siga ta buɗe tsohon furofayil, za ta sauya tsarin wasu ma'ajiyan bayanan da ke ciki, ta kuma rubuta lambarta a compatibility.ini. Daga nan tsohuwar za ta ƙi buɗe shi. Akwai umarnin --allow-downgrade da ke tilasta mata, amma bakin gargaɗin kawai yake rufewa, ba ya mayar da abin da aka riga aka sauya. Hanyar komawa baya guda ɗaya ce, ita ce kwafin da ka ajiye. Idan kwafin ya samu, sai ka kira manhajar da thunderbird -P, jerin furofayil zai fito, ka zaɓi tsohon.

Ya kamata ka san abin da kake riƙe da shi, don shi ne ainihin amanar da aka ba ka. POP da IMAP hanyoyi biyu ne na karɓo wasiƙa daga saba, wato kwamfutar masu ba da imel. A folda mai suna Mail ake ajiye wasiƙun akwatunan POP da na Local Folders, a ImapMail kuma kwafin na IMAP. Kowane akwati, kamar Inbox, fayil guda ne zungurere da aka jera wasiƙu a ciki ɗaya bayan ɗaya, tsarin da ake kira mbox. Kusa da kowanne akwai ɗan fayil mai ƙarewa da .msf, wanda fihirisa ce kawai, ko ta lalace manhajar za ta sake gina ta. Adireshin mutane yana abook.sqlite, saituttuka suna prefs.js, kalmomin sirri kuma suna logins.json tare da makullinsu key4.db, waɗanda ɗaya ba ya aiki sai da ɗaya. Abin da za ka fara dubawa a kowace kwamfuta shi ne POP take amfani da shi ko IMAP. Idan IMAP ne, asalin wasiƙun yana kan saba, ko injin ya ƙone za a sake jawo su. Idan POP ne kuma ba a saita a bar kwafi a saba ba, to takardun kuɗin makaranta na shekaru suna cikin wannan fayil guda, a kan wannan had dis guda, babu su a ko'ina a duniya. Ofisoshi da yawa a garin nan haka suke, su kansu ba su sani ba.

Yanzu ga batun haɗa ƙunshi. Ra'ayina, kuma zan faɗa maka shi ba ɓoye-ɓoye, ba ka buƙatarsa, aƙalla a kwamfutocin Debian ɗin nan 12. An riga an yi maka aikin, kai ne ba ka je ka karɓa ba.

Mutane sun san Debian da riƙe tsohuwar siga har ƙarshen rayuwar fitowa, ana yi mata faci kawai. Thunderbird da Firefox suna cikin 'yan tsirarun da aka ware daga wannan al'ada. Thunderbird tana da layin dogon zango da ake kira ESR, wanda babbar sigarsa ke fitowa kusan sau ɗaya a shekara: 102 a 2022, 115 a 2023, 128 a 2024, 140 a 2025. Idan sabuwa ta fito, tsohuwa kan ƙara 'yan watanni sai a daina gyara ta. Girman manhajar ya wuce a ce wasu tsirarun masu sa kai su ci gaba da toshe ramukanta bayan masu ita sun saki, shi ya sa Debian ke ɗauko sabuwar ESR ɗin ta gina ta don tsayayyiyar fitowarta, ta turo ta rumbun tsaro. Debian 12 ta fito a Yunin 2023 da siga ta 102, kuma ta wannan hanya ta koma 115, ta koma 128, ta ci gaba. Idan taka tana nan a 102, to ɗayan biyu ne: ko babu layin bookworm-security a /etc/apt/sources.list, abin da kan faru idan an girka tsarin ba tare da intanet ba, ko kuma ba a taɓa yin apt update da apt upgrade ba, wato umarnin da ke jawo sabbin ƙunshi daga rumbun Debian, saboda tsoron data. Rubuta apt policy thunderbird, zai nuna maka wadda ke kai, da wadda ke jiranka, da rumbun da za ta fito.

Tsoron data kuwa gaskiya ne, ban raina shi ba. Ƙunshin ya haura megabait 50, ka ninka sau 12, ka haɗa da sauran gyare-gyaren da suka taru shekara da shekaru. Maganinsa apt-cacher-ng, manhajar da ke ajiye duk ƙunshin da aka sauko da shi sau ɗaya don sauran kwamfutoci su ɗauka. Ka zaɓi kwamfuta ɗaya da ba a cika kashewa ba ka girka shi a kai, yana sauraro a ƙofa ta 3142. A sauran kuma ka ƙirƙiri ɗan fayil a /etc/apt/apt.conf.d/ mai layi guda na Acquire::http::Proxy da ke nuna adireshin waccan kwamfutar da lambar ƙofar. Ta farko da ta nemi ƙunshi ita ce za ta ci data, sauran 11 daga cikin gida za su ɗauka. Ka bar adireshin rumbunan a http, don ba ya iya ajiye abin da ya bi ta https sai da ƙarin dabara. Kada wannan ya dame ka, apt yana tantance sa hannun Debian a kan jerin ƙunshin ko ta wace hanya ya zo. Aikin rabin awa ne, kuma ya fi yawo da filashi daga ofis zuwa ofis nesa ba kusa ba.

Ga abin da ya sa nake ja maka birki. Ranar da ka cire ƙunshin Debian ka sa naka, ka sallami ma'aikatan tsaronsu ka hau kujerarsu. Thunderbird na fitar da gyaran tsaro kusan duk mako huɗu, wani lokaci kuma na gaggawa a tsakani. Manhajar imel tana buɗe abin da duk wanda ya ga dama ya turo, ko ɗan damfara ne, da injin nuna shafi iri ɗaya da na Firefox. A Satumbar 2023 an gano wani rami a libwebp, ɓangaren manhaja da ke buɗe hotuna masu tsarin WebP, wanda hoto guda da aka shirya da mugun nufi zai iya bi ta cikinsa. Thunderbird ta fitar da 115.2.2 da 102.15.1 don toshe shi. Wanda ke kan ƙunshin Debian apt upgrade kawai ya yi. Wanda ya haɗa nasa kuwa, sai in ya ji labari, ya sauko, ya sake haɗawa, ya gwada, ya raba, ko ana tsakiyar jarabawa ko yana kwance da zazzaɓi. Kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa. Na ga ƙunshin gida da yawa da aka haɗa da kyakkyawar niyya, mai shi ya samu wani aikin ya koma Abuja, suka zauna shekara biyu ba wanda ya leƙa su, alhali apt ba ya taɓa su tunda ba daga rumbunsa suka fito ba.

Duk da haka akwai lokacin da haɗawar ke da hujja: kana buƙatar sigar da tsarinka bai kawo ba tukuna, ko kana son cusa saitin makaranta a ciki, ko kuma kana son koyo, wanda shi kaɗai ma hujja ce mai kyau in dai a injin gwaji ne. Don haka ga yadda ake yi.

Hanya mafi sauƙi ita ce ka naɗe wadda masu manhajar suka riga suka gina. Ka sauko da ita tare da fayil ɗin SHA256SUMS da sa hannunsa, ka tantance sa hannun da gpg, ka tantance fayil ɗin da sha256sum. Kada ka tsallake wannan. Da irin intanet ɗinmu mai yankewa, rabin fayil kan zo ya yi kama da cikakke. Sai ka yi folda ta aiki, a cikinta ka shimfiɗa abubuwa yadda za su zauna a kan injin: manhajar a opt/thunderbird, ɗan rubutun da zai kira ta a usr/bin, fayil ɗin .desktop a usr/share/applications, wanda a cikinsa za ka sa x-scheme-handler/mailto don in an latsa adireshin imel a burauza ita ce za ta buɗe. A gefe kuma folda mai suna DEBIAN da manyan haruffa, da fayil ɗin control a ciki mai ɗauke da suna, siga, nau'in injin, mai kula, da 'yan rakiyar da ba ta tashi sai da su, irin su libgtk-3-0 da libasound2. Kada ka yi hasashen 'yan rakiya, sa ldd a kan libxul.so ya faɗa maka abin da take nema. Daga nan dpkg-deb --build --root-owner-group zai ɗaure maka shi, lintian kuma ya duba maka kurakurai.

Abu uku ne ke kayar da mutane a nan, kuma na farkon ka riga ka ɗanɗana shi. Waccan shaidar da Thunderbird ke rubutawa a installs.ini daga sunan wurin da aka girka ta ake lissafa ta. Idan ka sa lambar siga a sunan foldar, yau /opt/thunderbird-128 gobe /opt/thunderbird-140, to duk sabuntawa sai kowa a makarantar ya wayi gari da akwati wayam, kamar Hajiya. Wurin girkawa ya zama guda, kada ya taɓa sauyawa. Don ƙaura ta farko daga /usr/lib zuwa /opt, ko dai ka zaga ka zaɓa wa kowa tsohon furofayil da -P, ko ka sa MOZ_LEGACY_PROFILES=1 a ɗan rubutun da ke kiran manhajar, wanda ke hana ta yanka sabon ɗaki. Ka gwada shi a kan kwafi kafin ka yarda da shi. Na biyu, wadda aka sauko da ita kai tsaye tana ƙoƙarin sabunta kanta, ga shi kuma ba ta da izinin rubutu a /opt, sai ta riƙa damun malamai da saƙon da ba za su iya yin komai a kai ba. Ka sa fayil ɗin policies.json a folda mai suna distribution cikin wurin girkawa, ka kunna DisableAppUpdate. Ka tuna dai, da ka kashe wannan, kai ne ka zama mai sabuntawar. Na uku, kada rubutun postinst naka, wanda ke gudana da zarar an girka ƙunshi, ya taɓa komai a /home. Yana gudana ne da ikon root, wato mai iko da komai a injin, bai san wa ke da wane furofayil ba, bai san ko manhajar a buɗe take ba. Ƙunshi ya tsaya a kayan tsarin, kayan mutane kuma ka bi su da idonka.

Sai lambar siga, wadda a ganina ita ce inda ake gane wanda ya fahimci dpkg. Dubi yadda ta Debian take, misali 1:128.5.0esr-1~deb12u1. Wannan 1 ɗin da ke gaban ɗigo biyu mutanen Debian suna ce masa epoch, kuma shi ake fara dubawa kafin komai. Wanda bai sa ba, sifili ake ɗauka ya sa. Don haka idan ka kira ƙunshinka thunderbird ka ba shi siga 140.0 kawai, a wurin apt 1:128 ya fi shi girma, kuma apt upgrade na gaba zai ture naka ya dawo da 128, ita kuma ta ƙi buɗe furofayil ɗin da 140 ta riga ta taɓa. Ka ga an gudu ba a tsira ba. Alamar ~ kuwa aikinta akasin haka ne, tana sa siga ta zama ƙasa da wadda ba ta da ita. Da ita ake yi wa na hukuma ladabi: idan ka sa 1: a gaban taka ka kuma ƙara ~ofis1 daidai bayan lambar sigar, kamar 1:140.0~ofis1, ranar da Debian ta kawo daidai wannan sigar, tata za ta hau kan taka ba sai ka yi komai ba. Kada ka dogara da ido, dpkg --compare-versions zai faɗa maka wadda ta fi. Ni abin da na fi so shi ne a ba ƙunshin gida suna daban, kamar thunderbird-ofis, a sa layukan Conflicts da Replaces da Provides a kan thunderbird cikin fayil ɗin control. Ta haka duk wanda ya gaje ka zai gane da kallo ɗaya cewa wannan na gida ne.

Laftof biyun nan masu Ubuntu 24.04 labarinsu daban. Daga wannan fitowar ta Afrilun 2024, Thunderbird ta koma snap a Ubuntu, wato wani tsarin ƙunshi daban da deb, ƙunshin deb ɗin da ke rumbunsu ɓawo ne kawai da ke jawo snap ɗin, kuma an ba shi epoch 2 don ya rinjayi duk wani deb na da. Furofayil ɗinta yana ~/snap/thunderbird/common/.thunderbird, na Flatpak, wani tsarin makamancin snap, kuma yana ~/.var/app/org.mozilla.Thunderbird/.thunderbird, don haka duk mai ƙaura tsakaninsu sai ya ɗauki kayansa da hannu. Snap ba ya bi ta apt-cacher-ng, kuma yana sabunta kansa. In kana son deb a kansu sai ka rubuta doka a /etc/apt/preferences.d/ da ke fifita rumbunka ta kuma hana ɓawon dawowa. Inji biyu ne kacal, shawarata ka bar kaza cikin gashinta, ka saita snap ya riƙa sabuntawa a lokacin da kuke da data mai sauƙi. In wata rana za a sake girka su, Linux Mint 22 an gina ta a kan Ubuntu 24.04 ɗin, amma ta riƙe Thunderbird a matsayin deb.

Hanya ta biyu ita ce ginawa daga tushe, kuma ita ce ainihin sana'ar. Ka kunna layukan deb-src, apt source thunderbird ya kawo maka tushen da foldar debian, apt build-dep ya kawo kayan gini. A cikin foldar debian ɗin akwai control da rules da changelog da patches. Ka karanta README.source kafin ka taɓa komai, don masu kula da ƙunshin suna da tsarinsu na shirya tushen da fayilolin harsuna. Idan sabuwar siga za ka ɗora, wahalar tana wurin facin. Kowane faci an yanka shi ne daidai da tsohon tushe, sai ka bi su ɗaya bayan ɗaya da quilt push, wanda ya zauna ka wuce, wanda ya ƙi ka buɗe ka gano ko masu manhajar sun riga sun gyara abin ne sai a jefar da shi, ko kuwa wurin ne ya matsa sai an sake yanka shi. Kada ka cire faci don kawai ya ƙi zama, wani ne ya sa shi don wani dalili, kuma yawanci dalilin na rubuce a samansa. Bayan haka dch ya rubuta sabuwar siga a changelog, sannan ka gina da sbuild ko pbuilder a cikin tsaftataccen keji, don kada ginin ya jingina da wani abu da ke kan injinka kaɗai. Sauƙin da ke akwai shi ne ka ɗauko tushen da Debian ta riga ta shirya wa sabuwar fitowarta, ka sake gina shi a kan 12 da alamar ~, an riga an yi maka aikin facin.

Sai dai ka san nauyin kayan kafin ka sunkuya, kada ya zama ɗaukar Dala ba gammo. Tushen a matse ya haura megabait 500, don Thunderbird tana tafe ne da kusan dukkan injin Firefox a cikinta. Tana buƙatar Rust da clang da cbindgen da Node.js da Python, kuma kowace sabuwar ESR kan nemi Rust da ya fi wanda ke cikin tsayayyiyar Debian sabunta, har ita Debian ɗin sai da ta tanadi wani Rust na daban don gina waɗannan manhajoji. Ni ba na farawa sai da RAM gigabait 16 da fili kamar gigabait 40, ga kuma awanni. Wurin da ya fi cin rai shi ne ƙarshe, lokacin ɗinke libxul.so, inda RAM ke cika taf. Na taɓa yin wannan a watan Afrilu a wani ɗaki a Tudun Wada, zafi kamar a gasa gurasa, fankar laftof ɗin cike da ƙurar hunturun da ya wuce. Aka ɗauke wuta, inbata ta fara kuka, na kashe fankar ɗaki da fitila don batir ya kai, ina zaune cikin duhu ina kallon rubutu yana gudu a allo. Ana cikin ɗinkin injin ya mutu don zafi. Washegari sai da na kwance shi na busa ƙurar, na ɗora shi a kan bulo biyu don iska ta ratsa, na rage yawan ayyukan da yake yi lokaci guda da parallel a DEB_BUILD_OPTIONS, na fara bayan sallar isha'i. Da asuba na tarar ya gama. Na koyi abubuwa da yawa a wannan ginin, amma ka auna ka gani ko za ka iya maimaita shi duk wata.

Idan za ka sauya wani abu a tushen ka kuma raba wa mutanen waje, ka kula da batun suna. Lasisin MPL 2.0 ya ba ka damar gyara rubutun, amma suna da tambari na Mozilla ne. A kan wannan saɓani ne Debian ta koma kiran manhajar Icedove daga 2006, sai a 2017 ta dawo da sunan Thunderbird. Rabon ƙunshi kuma, in ya wuce inji biyu ko uku, ka kafa ɗan rumbu da reprepro, ka sa masa hannu da makullin gpg naka, ka ajiye makullin jama'a a /etc/apt/keyrings na kowane inji ka nuna shi da signed-by. Kada ka yi amfani da trusted=yes, ma'anarsa duk wanda ya shiga tsakani zai iya tura wa injinan makaranta abin da ya ga dama da ikon root.

Ko wace hanya ka bi, har da ta apt upgrade ɗin da na fi so, sai ka gwada a kan kwafi, ba a fafe gora ranar tafiya. Ka ɗauki kwafin furofayil ɗin wanda ya fi kowa tarin wasiƙu, ka kai wani inji, ka buɗe da thunderbird --profile da wurin kwafin. Amma ka zare wayar intanet ka kashe wayarles kafin ka buɗe. Wannan da kaina na koye shi, a wani ofis a Kakuri. Na buɗe kwafin akwatin POP a laftof ɗina da intanet a kunne, cikin daƙiƙu ya jawo wasiƙun safiyar Litinin ya goge su daga saba, kamar yadda aka saita shi. Mai akwatin yana jiran takardar wani ɗan kwangila, ga ta a injina, shi kuma nasa bai nuna komai ba. Sai da na kwafi fayil ɗin Inbox na sauya masa suna na sa a Local Folders nasa kafin ya gan ta. Ba a rasa komai ba, amma na ga yadda fuskarsa ta sauya a wannan rabin awar, kuma tun ranar ban sake buɗe kwafi da intanet ba.

A gwajin ka duba akwatuna sun cika, adireshi sun fito, matatun wasiƙa suna aiki, kalanda tana nan. Ka duba ƙarin manhajojin da aka liƙa mata, don kowace babbar siga kan bar wasu a baya. Daga nan a inji guda na gaske ka gwada aikawa da karɓa, ka rubuta wasiƙa mai ƙ da ɗ da ɓ a take da cikinta, ka haɗa da fayil mai irin wannan suna, ka ga ko sun isa lafiya. Idan shiga akwati ya ƙi, kafin ka zargi ƙunshin ka duba hanyar tantancewa: Gmail ya rufe shiga da kalmar sirri zalla ga irin waɗannan manhajoji a 2022, ana bi ta OAuth2 ne, inda kake shiga ta shafin masu imel ɗin su ba manhajar izini, Outlook.com ma ya bi sahu a 2024. Tun siga ta 78 kuma Thunderbird ba ta yarda da tsarin kulle sadarwa da ya gaza TLS 1.2, don haka tsohuwar saba ita ce abin gyara. Idan ka ci karo da inji mai siga ta 68 ko ƙasa da haka, ka bi da shi ta 78 tukuna, don a nan ne littafin adireshi ya koma sqlite, a nan ne kuma OpenPGP, tsarin kulle wasiƙa, ya shigo cikin manhajar aka daina Enigmail, ƙarin manhajar da ke wannan aikin a da.

Ka kuma gaya wa malamai tun kafin ranar. Daga 115 fuskar manhajar ta sauya sosai, maɓallan sama sun koma wani wuri, ga kuma sabon salon jera wasiƙu kamar kati. Wanda ya saba da tsohon jeri ana iya mayar masa da shi daga ɗan maɓallin da ke saman jerin wasiƙun. Minti biyar da za ka yi a tsaye kusa da Hajiya kana nuna mata zai rage maka kiran waya na mako guda. Ka zaɓi ranar Asabar da ba karatu, janareta da mai a ciki, ka fara da inji ɗaya, sauran su biyo baya in an kwana biyu ba ƙorafi.

Gobe da safe ka yi kwafin Hajiya kafin komai, ka mayar da ita kan Thunderbird ɗin Debian da tsohon furofayil ɗinta, tunda sabuwar ba ta taɓa shi ba. Sannan ka turo mini abin da apt policy thunderbird ya nuna, da abin da ke cikin sources.list da profiles.ini, fayil ɗin jerin furofayil da ke ~/.thunderbird, da installs.ini, mu duba tare. Waɗannan huɗun kawai nake buƙata. logins.json da key4.db kuwa kada ka tura wa kowa, har da ni.